Littafin Takarda ko na Waya: Wanne Ya Fi Buɗe wa Ƙaramin Yaro Kai?

A gidaje da yawa na Rogo Ruma da ƙauyukan da ke kewaye da ita, waya ta riga littafin yara shiga ɗaki. Za ki iske yaro ɗan shekara 3 bai iya ɗaure tazugen wandonsa ba, amma ya san inda ake latsawa bidiyo ya fito, ya kuma san yadda ake ture wanda bai yi masa ba da ɗan yatsa. Idan kuwa kika ce a kawo miki littafi mai hotuna da aka rubuta da Hausa don yaro kamarsa, sai a yi ta dube-dube. Akwai Alƙur'ani a ajiye a wuri mai tsabta, akwai littattafan Islamiyya na yayyensa, akwai littafin rubutu na 'yan firamare. Littafin labarin yara ne dai da wuya a samu.

Shi ya sa iyaye mata da dama ke tambaya: tunda yanzu littattafai sun shigo cikin waya, wasu kyauta, wasu har da murya mai karantawa da hotuna masu motsi, ashe ba an huta ba? Ko kuwa akwai abin da takarda ke ba yaro wanda fuskar waya ba ta ba shi?

Masana sun daɗe suna bin wannan tambaya, kuma abin da suka gano ya shafe ki kai tsaye, uwargida. Ƙaramin yaro yana koyo ne daga hirar da ake yi da shi a kan littafi. Takarda tana sauƙaƙa wannan hira, waya kuwa takan tsinke ta idan ba a yi hattara ba.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa

A shekarar 2022, Bankin Duniya da wasu hukumomi irin su UNICEF da UNESCO sun fitar da rahoto cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, adadin ya kai kashi 89 cikin 100. Wato cikin yara goma, kusan tara ke nan.

Mu ma a gida mun san da haka. A watan Yunin 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Kafin nan, a 2019, an fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, wanda aikinsa shi ne koya wa 'yan aji 4 zuwa 6 na firamare tushen karatu da lissafi. Ki duba fa, yaran da suka yi shekara uku ko fiye a makaranta ne ake komawa da su kan haruffa da haɗa baƙi.

Rogo da Ƙaraye suna can yammacin jihar, nesa da birni. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Rogo kaɗai tana da mutum fiye da 220,000, kuma yau an ƙaru sosai. Babban ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana cikin Kano, manyan shagunan littattafai ma haka. Uwar da ke Zarewa ko Fulatan ko Ɓeli ba za ta biya kuɗin mota zuwa birni don littafi ɗaya ba. Waya kuwa tana hannunta. Don haka wajibi ne mu san abin da wayar za ta iya yi wa yaro da abin da ba za ta iya ba.

Abin da aka gani a ɗakin bincike

A 2019, wata likitar yara a Jami'ar Michigan da ke Amurka, Dakta Tiffany Munzer, ita da abokan aikinta, sun gayyaci iyaye 37, kowa da ɗansa mai shekara 2 zuwa 3. Kowane ya karanta wa ɗansa littafi iri uku: na takarda, na kwamfutar hannu wanda ba shi da komai sai rubutu da hoto, da kuma na kwamfutar hannu mai sauti da motsi. Aka ɗauke su a bidiyo, aka ƙirga maganganunsu.

Sakamakon ya nuna iyaye da yara sun fi yin magana da juna a kan littafin takarda. A nan ne iyaye suka fi yin tambayoyi, suka fi haɗa labarin da rayuwar yaron. Da aka koma kan na'ura, sai hirar ta ragu, wani ɓangarenta kuma ya koma kan na'urar kanta: taɓa nan, kada ka danna can, bari in juya maka.

Da masu binciken suka sake nazarin bidiyon, sai suka lura da wani abu da duk uwa ta sani. A kan na'ura, yara sun fi juya wa iyaye baya, su ture hannunsu, su rungume abin su kaɗai. Iyayen ma sukan shiga jan na'urar. Abin da ya kamata ya zama zaman karatu sai ya koma kokawar wa zai riƙe.

Bayan shekara biyu, a 2021, wasu masana uku, May Irene Furenes da Natalia Kucirkova da Adriana Bus, masu aiki da Jami'ar Stavanger ta ƙasar Norwe, suka tattara bincike 39 da aka yi kan yara 1,812 masu shekara 1 zuwa 8. Abubuwa uku suka fito fili.

Na farko, idan labari ɗaya ne, aka ɗauke shi daga takarda aka sa a na'ura ba tare da wani ƙari ba, yara sun fi fahimtarsa a takarda.

Na biyu, idan an tsara littafin na'ura da kyau, aka sa masa abubuwan da ke taimaka wa labarin kansa, yana iya fin na takarda. Misali, labari ya ce iska ta taso, sai a ga bishiya tana kaɗawa. Amma wasanni da wuraren dannawa da ba su da alaƙa da labarin suna ɗauke hankalin yaro. Ko ƙamus da ake sawa a ciki, yana taimaka wa yaro ya koyi sababbin kalmomi, amma ba ya ƙara masa fahimtar labarin, wani lokaci ma yakan rage ta.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci gare mu, babba ya zauna ya karanta wa yaro littafin takarda ya fi amfani a kan a bar yaron shi kaɗai da littafin na'ura, duk da kayan taimakon da aka cusa a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi magana a 2019. Ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kuma, kada ya wuce awa ɗaya a yini, idan ya gaza haka ya fi. A maimakon haka ta ba da shawarar mai reno ta riƙa karanta wa yaro littafi tana ba shi labari.

Har ƙasashen da suka yi nisa sun fara taka burki. Suwidin tana cikin waɗanda suka fi kowa cusa na'urori a makarantu, amma a 2023 gwamnatinta ta koma ware kuɗi don sayen littattafan takarda, ta kuma bayyana aniyarta ta daina tilasta amfani da na'urori a makarantun renon yara.

Darasin da ke cikin allo

Wannan sakamako bai kamata ya ba Bahaushiya mamaki ba, domin mun gaji irinsa a makarantar allo. Ki tuna yadda ake yi. Malam ya rubuta da tawada da alƙalamin kara. Yaro ya riƙe allonsa da hannu biyu. Malam ya biya, yaro ya maimaita, yatsansa na bin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da babbaƙu, ya wuce farfaru. Rubutun yana nan inda yake yau da gobe da jibi, ba ya gudu, ba ya ƙyalli, ba a wanke shi sai yaro ya iya.

Abubuwa uku ke aiki a nan: rubutu mai tsayawa wuri ɗaya, hannu mai taɓawa da nunawa, da babba a kusa yana saurare yana gyarawa. Su ne dai abubuwan da littafin takarda ke bayarwa. Yaro yana jin kaurin shafukan da suka wuce da waɗanda suka rage, ya san labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Yana koyon cewa rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, na Larabci kuma daga dama zuwa hagu. Idan hoton kura ya burge shi, zai koma shafin sau goma, kuma kurar tana nan tana jiransa.

A waya kuwa, yatsa ɗaya ya isa ya ɓatar da shafi. Ga saƙon WhatsApp ya shigo, ga kira, ga talla ta faɗo. Yaron ya san bayan wannan littafi akwai katun a ɓoye, hankalinsa rabi yana kan labari, rabi yana kan yadda zai kai ga katun ɗin.

Karatun boko da Hausa ma a kan takarda ya kafu. A Zariya aka yi gasar rubutu a 1933 wadda ta fito da *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, daga baya ya rubuta *Magana Jari Ce*. Iyayenmu da yawa da *Ka Koyi Karatu* suka fara haɗa baƙi. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyinmu cikin jerin littattafansa *Tatsuniyoyi da Wasanni*. Littafi ɗaya yakan zaga gida guda, daga wa zuwa ƙane, har bangonsa ya cire a ɗinke shi da zare.

Inda waya ta yi rana

Duk da haka, kada mu yi wa waya butulci. Yawancin binciken da aka ambata an yi shi ne a ƙasashen da littafin yara ke cike da gidaje da ɗakunan karatu. A can, uwa tana zaɓe ne tsakanin littafi biyu. A Rogo Ruma, sau da yawa zaɓin shi ne tsakanin littafin waya da babu. Hausawa kuwa sun ce da babu gara ba daɗi.

Akwai rumbuna a intanet da ke ɗauke da littattafan yara na Hausa kyauta. African Storybook, wanda wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta kafa, yana da gajerun labarai masu hotuna cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa. StoryWeaver na kamfanin Pratham Books da ke Indiya shi ma yana da su, haka Bloom Library da Global Digital Library. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa cikin Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo.

Abin da ya fi daɗi shi ne, da yawa daga waɗannan littattafai an ba da izinin a sauke su, a buga su a takarda, a raba, ba tare da biyan kowa ba. Ke nan wayarki na iya zama hanyar da littafin takarda zai shigo gidanki. Ki sauke labarin, ki tura wa mai shagon kwamfuta da fotokwafi a cikin gari, ya buga miki, ki ɗinke shi da allura da zare, ki yi masa bango da kwali. Ko da baƙi da fari ne, yaro zai iya shafa wa hotunan launi da kansa, littafin ya zama nasa.

Ga kuma lissafin yau da kullum. Wayar taki ce, da ita kike sana'a, da ita ake kiranki. Idan babu wuta sai an kai ta wurin mai caji an biya. Idan ta faɗi a hannun yaro, kuɗin gyaran gilashi ya isa ya sayi littattafai da yawa. Littafin takarda ba ya neman caji ko data. Abokan gabarsa gara da ɓera da ruwan damina ne, su kuma leda mai kauri ko kwalla mai murfi ta isa maganinsu.

Idan da waya za ki karanta masa

Wani lokaci babu halin bugawa, sai dai a karanta a wayar. To ga abin da zai taimaka.

Ki sauke littafin tun da wuri, sannan ki kashe data kafin ku zauna. Babu saƙo, babu talla, babu bidiyon da zai faɗo.

Ke za ki riƙe wayar, yaro yana kan cinyarki ko a gefenki, kuna kallon abu ɗaya. Da zarar kin miƙa masa kin tashi zuwa madafa, karatu ya ƙare.

Ki zaɓi littafi mai sauƙi: hoto, ɗan rubutu, shi ke nan. Wanda kowane shafi sai an danna wani abu ya yi tsalle ko ya yi ƙara, wasa ne aka yi wa rigar littafi.

Idan littafin yana da murya mai karantawa, ki kashe ta ki karanta da bakinki. Muryar na'ura ba ta tsayawa idan yaro ya yi tambaya, ba ta kuma san cewa akuyar da ke hoton ta yi kama da ta gidan kakarsa ba.

Ki sa iyaka tun kafin a fara: labari ɗaya ko biyu, sai a ajiye. Kada waya ta zama abin rarrashi duk lokacin da ya yi kuka, ko abin da sai da shi zai ci abinci. Kusa da lokacin barci kuma a bar ta, a koma tatsuniya.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a bar shi da takarda, da waƙa, da hira.

Yadda ake karatun da ke shiga

Ko takarda ko waya, sirrin yana cikin tambaya. Kada ki karanta tun daga farko har ƙarshe kamar mai sanarwa a rediyo. Ki tsaya a kan hoto.

“Wane ne wannan, ɗan albarka?”

“Kifi!”

“Ƙwarai, kifi ne, ƙaton tarwaɗa. A ina yake zaune?”

“A ruwa.”

“A ruwa, kamar dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, inda masunta ke shiga da kwalekwale. Me kake gani zai faru idan ya ga ƙugiya?”

Kin ga abin da ya faru? Yaro ya faɗi kalma ɗaya, kin mayar masa da huɗu: tarwaɗa, masunta, kwalekwale, ƙugiya. Kin haɗa littafin da ƙasarsa. Kin kuma sa shi ya yi tunanin abin da ke gaba. Minti goma irin wannan a kullum ya fi awa guda yaro yana latse-latse shi kaɗai.

Idan ya ce a sake karanta labarin jiya, ki sake. Maimaici ba ɓata lokaci ba ne a wurin yaro, ta haka kalmomi ke zama a kansa. Wata rana za ki ji ya riga ki faɗin ƙarshen jimla, wata rana kuma ya sa yatsa a kan harafi ya ce wannan irin na sunana ne. Daga nan karatu ke farawa.

Ki fara da Hausa. Yaron da ya iya sauraron labari, ya ba da nasa, ya gane sautukan harshen da ya tashi da shi, ya sami tsanin da zai taka zuwa Turanci da Larabci. Da wannan fahimta ce shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, suka buga littattafan Hausa don 'yan ajin farko na firamare.

Uwar da ba ta yi boko ba fa?

Wataƙila kina da maƙwabciya ko 'yar'uwa da za ta ce ita ba ta iya karatun boko ba, don haka wannan magana ba tata ba ce. Ki gaya mata tata ce. Littafin yara rabinsa hoto ne, kuma hoto ba ya neman satifiket. Tana iya duba hotunan ta ƙirƙiri labarin da bakinta, ta yi tambayoyi, yaro ya amsa. Wadda ta iya ba da labarin Gizo da Ƙoƙi ta riga ta mallaki abin da ake nema. Yayyen yaron da ke firamare ko sakandare su karanta rubutun, su ma karatunsu ya ƙara ƙarfi. Uba ma yana da rabonsa, ko da minti biyar ne bayan sallar isha'i. Kaka kuwa ita ce rumbun tatsuniya, a zaunar da jikoki gabanta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata biyar da ke adashi tare, ko 'yan aji ɗaya a Islamiyya, kowace ta buga labari biyu, an sami littafi goma. A riƙa musaya duk mako. Wadda ke da babbar waya ta sauke, wadda mijinta ke zuwa kasuwar Rogo ko Ƙaraye ya kai bugawa, wadda ta iya ɗinki ta haɗa. Idan wani zai shiga Kano, a ba shi saƙon littafin yara kamar yadda ake ba da saƙon atamfa.

A ƙarshe, yara suna kwaikwayon abin da suka gani. Da yawanmu muna karanta littattafan Hausa a waya, muna bin labari shafi bayan shafi a WhatsApp, amma abin da yaro ke gani shi ne Umma tana latsa waya. Bai san karatu kike yi ba. Ki bari ya gan ki da littafi a hannu, ko ki ce masa zo ka ji abin da nake karantawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun nan kafin ya shiga aji ɗaya kuma ba sa dawowa. Yau da daddare, bayan an ci tuwo an kintsa, ki jawo shi jikinki, ki buɗe shafin farko, ki tambaye shi abin da ya gani.

Allah ya raya mana su, ya ba su ilimi mai amfani.